Gwaggon Biri Ya Cinye Dambuna, Lissafi Kuma Bai Motsa Ba

Wasu idan shekara ta kama sukan ƙudurta barin goro ko rage tumbi. Ni kuwa a majalisarmu ta teburin mai shayi na buɗe baki na ce kafin furfura ta gama cinye gemuna sai na taka duk wani gandun dajin tarayya da ke Najeriya. Na zayyano su yadda aka koya mana a makaranta: Yankari, Kainji, Kamuku, Gashaka-Gumti, Tafkin Chadi, Okomu, Kuros Riba da Tsohuwar Oyo. Takwas cif. Na rubuta su a bayan kalanda, duk wanda na je in soke shi da jan biro.

Uwargida ce ta fara yi wa jerin gyara. Ta ɗora yatsa a kan Kamuku ta ce, "Baban Abba, wannan a ina yake?" Na ce Birnin Gwari. Ta yi jim, sannan ta ce, "To, ka fara nuna min inda ka ajiye takardun gida." Kamuku ya koma ƙarshen layi. Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowanne girma, can ne dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Ni da nake tsayawa shan iska a tsakiyar benen ofis, na ce a jira in ƙara ƙarfi. Okomu da Kuros Riba kuwa kuɗin mota ne ya shiga tsakaninmu.

Saura Yankari. Daga Kano na kama hanyar Bauchi, na ɗauki ta Gombe, na karkata a Dindima, na shiga ta ƙofar Mainamaji, sai tafiya cikin daji har sansanin Wikki. Guzurina dambun nama ne cike da leda, wanda uwargida ta kwana tana dakawa.

Ma'aikacin da ya ba ni makulli ya ce, "Alhaji, ka riƙa kulle ƙofa, kada kuma ka fito da abinci a hannu. Biran nan har hannun ƙofa suna murɗawa." Na yi dariya. Mutumin da yake ratsa Kantin Kwari ana gobe Sallah ya fito da walat ɗinsa lafiya, shi za a tsorata da biri?

Na zauna a baranda, na kwance ledar, na yi bisimilla. Ban kai loma baki ba sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya zo ya zauna dab da ni, ya naɗe hannu, kamar surukin da ya zo gaisuwa ya tarar ana cin tuwo. Na ce, "Kai! Tafi!" Bai tafi ba. Hamma kawai ya yi, ya nuna min fiƙoƙi masu tsawon yatsana, nan take na ga ashe magana ce ta sulhu. Na ɗebi ɗan dambu a tafin hannu na miƙa masa cikin girmamawa. Ya dubi hannun, ya dubi ledar, ya sa hannu ya ɗauki ledar, ya bar min abin da na ɗebo. Ni aka ba sadaka daga cikin dambuna.

Bai ma yi nisa ba. Kan motata ya hau ya baje, iyalansa suka kewaye shi, yana ci yana kallona. Abin da ya zube ƙasa wani gadu ya zo ya durƙusa a gwiwa ya share. Duk dajin ya ɗanɗani girkin matata.

Ruwan Wikki ne ya ɗan wanke min takaici. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Na daɗe a ciki, ido ɗaya a kan tufafina.

Da safe muka hau motar zagaya daji neman giwaye. Mun ga gwanki, mun hango ɓauna can nesa. Giwa kuwa, jagoranmu ya tsayar da mota, ya sauka, ya duba wani tulin kashi ya ce, "Sabo ne, yanzu suka wuce." Hotonsa na ɗauka, tunda ba a komawa gida hannu rabbana.

Ranar da na koma majalisa har da kalandar na tafi. Na soke Yankari a gaban jama'a, na ce a ba kowa shayi da madara, ni zan biya. Sai da aka shanye tas, wani dattijo, tsohon malamin labarin ƙasa, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wannan jerin naka na wace shekara ne? Yankari ya zama na tarayya a 1991, amma tun 2006 aka mayar wa jihar Bauchi kayanta. Bakwai suka rage, ba ka je ko ɗaya ba."

Ina cikin haɗiye wannan ya ƙara da cewa a 2020 Buhari ya amince a ƙara wasu goma. Goma sha bakwai kenan. Mai shayi ya juya baya yana tari.

Na ce a karanto min sababbin. Da aka zo kan Falgore sai na miƙe tsaye. Dajin Falgore ai ta cikinsa hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, na bi ta ba adadi. Na ce a sa min shi a lissafi.

Dattijon ya ce, "Da kake wucewa, ka taɓa sauka?"

Na ce wa zai sauka a Falgore?

"Me ka gani?"

Na ce ido a rufe nake wucewa, ina Ayatul Kursiyyu.

Ya karɓi jan biron daga hannuna ya sa a aljihunsa, ya ce in na dawo daga Kainji da hoton da ba na kashi ba zan same shi a wurinsa.