Wai ba ya cizo, to haƙoran waye a ƙafar 'yata?

Wallahi jama'a raina a ɓace yake, tun jiya nake ƙoƙarin in haɗiye maganar nan amma ta ƙi haɗiyuwa, gara in faɗa kowa ya ji. Mu da ke zaune a sababbin unguwannin nan na bayan gari a Kano, inda za ka ga gida nan, kango can, fili da ciyawa a tsakani, ba sai na tsaya yi muku bayanin abin da muke sha a hannun karnukan masu kuɗi ba. Shekara da shekaru ke nan, mai fita sallar asuba sai da gora a hannu, mai tallan koko ta daina bin layinmu, almajirai kuwa Allah kaɗai ya san nawa aka yaga wa riga da fata suka tafi suna kuka ba mai bin kadinsu, an kashe wa wata tsohuwa akuya da cikinta, duk muka yi shiru wai don a zauna lafiya da maƙwabta.

Jiya da la'asar sakaliya yarinyata ƙarama, shekararta bakwai, tana dawowa daga islamiyya ita da yayarta, sun biyo ta hanyar ƙafa da kowa ke bi. Mai gadin wani gida ya wangale get yana wanke mota, karnuka biyu irin manya-manyan nan na ƙasar waje masu kama da na 'yan sanda suka fito ba sarƙa ba komai. Yaro yaro ne, ta ga abu ya nufo ta sai ta zura da gudu, ɗayan ya bi ta ya kayar ya kafa mata haƙora a bayan ƙafa. Ba don wani ɗan garuwa da ya turo kurarsa tsakaninsu yana daka tsawa ba, ban san abin da zan rubuta yau ba. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Sai da muka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, muka yi ta zubawa har minti 15 kamar yadda likitoci ke cewa, sannan na nufi gidan. Kuma Allah shaida ba faɗa na je yi ba, abu ɗaya na je tambaya, ko an yi wa karen allurar rigakafin hauka, in an yi a nuna min kati in tafi da shi asibiti. Na yi sallama, mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, na ce Baba don Allah a yi min magana da mai gidan. Ya ce Alhaji yana hutawa. Na ce karensa ne ya ciji 'yata. Ya ce ai ba ya cizo, wasa yake yi. Na ce Baba kai da kake tsaye a wurin da tiyo a hannunka za ka ce min wasa? Sai ya rufe ƙofa ya bar ni a tsaye har aka fara kiran magariba.

Can sai ga Alhajin ya fito da jallabiya, waya a kunne, ya ɗaga min hannu alamar in jira ya gama. Na jira. Da ya gama bai amsa sallamata ba, sai ya ce Malam lafiya kake buga min get? Na ce ranka ya daɗe karenka ne ya ciji yarinyata, ga hoton ciwon. Ko kallon wayar bai yi ba, ya ce me ya kawo ta ƙofar gidana? Na ce Alhaji hanya ce, ta nan yaran unguwa duka ke bi zuwa makaranta. Ya ce to ku koya wa 'ya'yanku su daina tsokanar kare. Na ce ba ta tsokane shi ba, kati kawai nake so in gani. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, ka san nawa na sayi karen nan? abincinsa na wata ya fi albashinka, lafiyarsa ta fi taku. Sannan ya zura hannu a aljihu ya zaro kuɗi 'yan kaɗan ya miƙa wa mai gadi, ni bai ma miƙo min ba, ya ce ba shi ya sai mata panadol, ya juya ya shige.

Panadol fa jama'a! Jinin 'yar mutum ya zuba a ƙasa, kai abin da ya zo bakinka shi ne farashin kare? Na tambaye ka nawa ka saye shi ne? In lafiyarsa ta kai yadda kake faɗa, ina katin, me ya hana ka aiki yaro ya ɗauko? Ka iya kashe miliyoyi ka ja katanga ka ɗora mata waya mai lantarki amma sarƙa ɗaya ta gagare ka? Kuma sunanka Alhaji, sahun gaba a masallacin da muke sallah tare, ka san hadisin haƙƙin maƙwabci, ka san wanda ya ce mai ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba ladansa na raguwa kullum. Ko malaman da suka yi sassauci a kan karen gadi ba wanda ya ce a sake shi a kan 'ya'yan mutane. Na bar masa kuɗinsa a hannun mai gadinsa.

Shi a wurinsa ƙwarzane ne. Bai san ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan ba wanda ke tashi ba, ko ya sani bai damu ba. Cutar tana iya kwanciya wata biyu ko uku a jiki, ciwon ya warke kowa ya manta, sannan ta taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 59,000 take kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare, kuma 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara irin tawa, da almajiran da ba su da uban da zai je ya buga get a kansu.

Daga nan muka wuce asibitin gwamnati, aka wanke aka yi mata ta tetanus, allurar cizon kare kuwa wai babu, a je a sayo a waje. Na shiga kemis-kemis da daddare ina nema, inda na samu kuɗin ya kusa sa ni zama a ƙasa, ga shi ba sau ɗaya ake yi ba sai an yi ta komawa a ranakun da aka rubuta, ga zullumin ko firjin da aka ajiye ta ya samu wuta, don allura ce da zafi ke lalatawa. Wanda ba shi da shi fa? Sai ya koma gida a ƙona gashin kare a shafa masa a ciwon, abin da ba ya maganin komai, a ce Allah ya sawwaƙe.

Yanzu mu ne za mu zaunar da yara muna koya musu yadda za su tsira a hanyar makarantarsu: in kin ga kare kada ki gudu don gudu ke sa shi ya bi ki, ki tsaya cik ki ɗan juya gefe, kada ki zuba masa ido, ki sa jaka tsakaninki da shi ki riƙa ja da baya a hankali, in ya kayar da ke ki dunƙule ki rufe wuya da fuska da hannuwa. Gaskiya ne duk wannan, ku koya wa naku. Dabarar sunkuyawa kamar za a ɗauki dutse tana korar karen unguwa, amma kada ku dogara da ita a kan waɗannan da aka horar don su kai hari. To amma fisabilillahi yarinya 'yar shekara bakwai za ka ce wa ta tsaya cik dabbar da ta fi ta nauyi tana nufo ta? Babba ma ƙafarsa rawa take yi.

Ina gwamnati a duk wannan? Tun zamanin Turawa akwai dokar yi wa kare lasisi a ƙasar nan, wa ya taɓa ganin ma'aikacin ƙaramar hukuma ya shigo unguwa ya tambaya? Amma ka kafa teburin shayi a bakin titi ka ga yadda masu rasit za su iso kafin ruwanka ya tafasa. Da muna yara duba-gari har randa suke leƙawa, yau ina suke? Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom ta jihar Filato tun 1924, a nan gida ake yin allurar rigakafin karnuka, masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri cutar za ta yanke, to me ya hana a bi unguwa-unguwa kamar yadda aka bi gida-gida da ɗigon shan inna? Duk 28 ga Satumba sai a buga riguna a yi taro a ɗauki hoto wai ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ana ta ambaton 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da ita, alhali asibitin da talaka ke zuwa ko kwalba ɗaya babu a ciki.

Mu ma da laifinmu, mun ɗauki mai kuɗi mun ɗora a kai, mai unguwa yana jin nauyinsa, liman yana jin nauyinsa saboda ya sa wa masallaci sola, kansila ba ka ganinsa sai zaɓe, in ka ce za ka kai ƙara dattawa su zo su ce ka yi haƙuri ka bar wa Allah. Ni wannan karon ba zan haƙura ba. Ina so a tsare karen nan kwana 10 likitan dabbobi ya sa masa ido kamar yadda ƙa'ida ta ce, a fito da kati, a biya kuɗin allura, kuma kowane mai kare a unguwar nan ya ɗaure abinsa a cikin gidansa. Duk wanda aka taɓa cizon ɗansa ko dabbarsa a layinmu ya same ni a ƙofar masallaci bayan isha'i, za mu rubuta sunaye mu kai wa mai unguwa da 'yan sanda da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.