Ƙyallin feda: a ɗauki hikimar dokar Ingila, a bar harafinta

Da asubar Asabar za ka ga masu tseren keke a jere kan gadar Lekki zuwa Ikoyi a Legas. Dubi ƙafafunsu. Fedarsu ba irin ta Raleigh ɗin da iyayenmu suka hau ba ce. 'Yar mitsitsiya ce, irin ta Shimano ko Look, takalmi ke maƙalewa a jikinta har ka ji ƙas. Saboda ƙanƙantarta, galibi ba ta zuwa da ɗan abin ƙyallin nan ruwan ɗorawa mai walƙiya idan fitilar mota ta haska shi.

A Ingila hawan irin wannan keke da dare saɓa doka ne. Dokar fitilun ababen hawa ta 1989 ta ce keken da aka ƙera daga Oktoban 1985, in za a hau shi tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, tilas kowace feda ta samu ƙyalli gaba da baya. Jamus ma tana da makamancin wannan sharaɗi. Feda ta sauya kama, doka tana nan inda aka bar ta.

Amma akwai basira a ciki. Jar fitilar baya tsaye take wuri guda, direba na iya ɗauka okada ce can da nisa. Ƙyallin da ke hawa yana sauka kuwa, nan take ido ke gane mutum ne ke taka keke.

Mu a Legas wannan ya fi shafa. Tun da aka tsaurara haramcin okada a 2022, ana ƙara ganin samarinmu na Agege da Idi-Araba suna kai saƙon abinci a keke. Ran nan bayan isha'i na ga wani a titin Ikorodu, baƙar riga, jaka a baya, ba fitila ba ƙyalli, motar haya ta danfo na shafar gwiwar hannunsa.

Duk da haka ba na goyon bayan a kwafo dokar feda yadda take. Mun san halin titinmu: sabon sharaɗi, sabuwar ƙofar neman na goro. Mai keken miliyoyi a Lekki ba wanda zai tare shi, yaron Agege ne zai sha tsayarwa. A wajabta dai wani abu mai ƙyalli a ƙafa, ko a feda, ko a dugadugin takalmi, ko ɗauri a idon sawu. Kuma kamfanonin da ke tura yaran nan cikin dare su za a ɗora wa sayensa, tun da su ke raba musu jakar.