Ba ƙarfi kaɗai ke sa mace ta koyar da judo ba

Wani labari kan wata mace mai koyar da judo, wasan kokawa na Japan, ya ce ƙarfi da juriya ne suka kai ta matsayin mai koyarwa, amma an bar babban abu. A judo faɗuwa ake fara koyo kafin kayarwa: a manne haɓa da ƙirji, a bugi katifa da hannu gaba ɗaya. Wadda ta tokare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannu ko gwiwar hannunta ne zai goce. Mai cewa wasan maza ne, ai tun 1992 mata ke cin lambar judo a Olamfik. A Sakkwato matsalar wuri ce: ana buƙatar ɗaki rufaffe, katifa mai kauri, malama mace, ɗankwali marar fil. Wane uba zai bari namiji ya riƙe 'yarsa a ƙasa daƙiƙa 20?