Ga marubucin da aka soki littafinsa

Assalamu alaikum. Nasihar yau ta 'yan'uwana marubuta ce, musamman masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook.

Abin da ya zama ruwan dare yanzu shi ne, mai karatu ta biya kuɗinta, ta karanta littafi, ta rubuta cewa labarin ya yi jan rai, ƙarshensa kuma bai gamsar da ita ba. Kafin ka ce kwabo, marubuciya ta ɗauki hoton sharhin ta liƙa a shafinta, ta rubuta "mahassada sun fara". Sai masoya su yi caa a kan baiwar Allah, wannan ya zagi iyayenta, waccan ta tono mata auren da ya mutu. Ita kuwa wadda ta kunna wutar tana gefe tana danna alamar dariya, wai ai ba ita ta yi zagin ba. 'Yar'uwa, wa ya nuna musu ƙofar?

Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ke da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai Annabi (SAW) ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To, son littafinka ya fito da kyau ba laifi ba ne, jin ciwo idan an kushe shi ma halin ɗan Adam ne. Amma duba irin martanin da ake yi: "Kai wane ne? Ka taɓa rubuta ko layi ɗaya?" Ga ƙin gaskiya, ga raina mutum, duk a numfashi guda.

Imamu Malik, wanda ake karanta fiƙihunsa a zaurukanmu, an ruwaito yana cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa da ita, sai mai wannan kabari, yana nufin Manzon Allah (SAW). Mai Muwaɗɗa ke nan fa! Aya ta 82 a Suratun Nisa'i ma ta nuna cewa rashin saɓani alama ce ta littafin da ya zo daga Allah. Naka littafin dole a samu gyara a cikinsa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san ba kowane mai suka ne yake da adalci ba. Akwai wanda ko shafi goma bai karanta ba, akwai mai tsohon haushi. Ko a nan, Abu Dawud ya ruwaito alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya alhali shi ke da gaskiya. Idan kuma an bar littafin an koma yi maka ƙazafi a kan mutuncinka, kana da haƙƙin kare kanka. Ka fara neman mutumin a keɓe, ko ka kai maganar gaban manya a ƙungiyarku ta marubuta. In ya zama dole ka yi bayani a fili, ka bari sai ka huce, ka tsaya kan abin da aka faɗa, kuma ka ja wa masoyanka kunne tun a layin farko cewa ba ka yarda a zagi kowa da sunanka ba.