Nas ce ta duba mara lafiya, wa za a biya?

A nan Amurka akwai ma'aikatan jinya masu digiri na biyu da ke duba mara lafiya, su gano ciwo, su rubuta magani. An fara horar da su a Jami'ar Kolorado a 1965, shekarar da aka kafa Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa tsofaffi. Amma an daɗe aikin nasu ne, kuɗin kuwa sai ya bi ta hannun likita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ce ta gyara wannan, ita ma da kaɗan-kaɗan. A 1977 majalisa ta yarda a biya aikinsu a asibitocin karkara, inda likitoci ba sa son zama. Sai a 1997, zamanin Clinton, aka ba su damar neman kuɗi daga Medicare da sunansu, birni ko ƙauye, amma kashi 85 cikin 100 na abin da ake biyan likita. Ragin nan ya bar baya da ƙura: asibitoci da yawa har gobe suna tura takardar da sunan likita don su karɓi kuɗin cif, sunan nas ɗin ya ɓace.

Ba yabon tsarin Amurka nake yi ba, tsadarsa kaɗai ta isa ta tayar wa mutum da hawan jini. Abin da ke ci mini rai shi ne a gida ba mu ko fara wannan muhawarar ba. Je ka asibitin sha-ka-tafi a ƙauyukan Jigawa ko Katsina: nas, ungozoma da malamin asibiti ne ke riƙe da komai, daga awon ciki har zazzaɓin cizon sauro. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar miƙa musu wasu ayyukan likita. Dokar inshora ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, sai dai asibiti ake tura wa kuɗin bisa yawan waɗanda suka yi rajista, ko wa ya yi aikin.

Ni a ganina, tunda an ɗora musu aikin, majalisa ta rubuta a doka irin karatun da zai ba nas ikon duba mara lafiya da kanta, kuma hukumar inshora ta riƙa biya da sunan wanda ya duba.