Fasa gida dai fasa gida ne, ko da FBI ce ta yi

Raina ya ɓaci da wannan yabon da ake ta zubawa Mark Felt, tsohon mataimakin shugaban hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, wai jarumin da ya tona asirin Shugaba Nixon. Kafin a ɗaga mutum sama a karanta tarihinsa gaba ɗaya. Wannan Felt ɗin da ya riƙa ba ɗan jarida Bob Woodward bayanai a ɓoye a kan badaƙalar Watergate, wato fasa ofishin jam'iyyar Democrat da ya kai Nixon ga yin murabus, shi ne kotu ta samu da laifi a watan Nuwamba na 1980, shi da abokin aikinsa Edward Miller, saboda sun ba jami'an FBI umarnin shiga gidajen mutane ba da izinin alƙali ba a 1972 da 1973. Gidajen su waye? Na dangi da abokan 'yan Weather Underground, wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi da FBI ke farautar mambobinta. Mutanen da ba a tuhume su da komai ba, laifinsu kawai sun san wanda ake nema. An ci Felt tarar dala 5,000, Shugaba Reagan ya yafe masa a 1981. Yafewa ba ta mayar da fasa gida halal.

A cikin FBI suna kiran wannan "black bag job", aikin baƙar jaka, saboda jakar da ake zuba kayan buɗe makulli da kyamara. Tsarinsa sananne ne. Da farko a sa wa wurin ido har a haddace lokacin fitar mai shi da lokacin dawowarsa. A nemi mabuɗi a hannun mai haya ko mai kula da ginin, in bai samu ba a kawo gwanin buɗe kwaɗo. Ranar aiki wasu su bi mai gidan duk inda ya nufa, wasu su zauna a mota a waje da rediyon oba-oba, kaɗan ne ke shiga. Masu shigar ba su cika ɗaukar komai ba, hoton takardu suke yi: jerin sunayen mambobi, wasiƙu, littafin kuɗi, wani lokaci su dasa na'urar sauraro. Sannan a mayar da kowace takarda daidai inda take.

Masu cewa "ai aikin tsaro ne, suna da hurumi", ga amsarku daga bakin hukumar kanta. A watan Yuli na 1966 William Sullivan, ɗaya daga cikin manyan mataimakan shugaban FBI na lokacin J. Edgar Hoover, ya rubuta a takardar cikin gida cewa wannan hanya kutse ce, a fili ta saɓa wa doka, don haka ba yadda za a samo mata izini. Sun sani sarai. Shi ya sa suka ƙirƙiro tsarin ɓoye shaida. Takardar amincewa ba ta shiga kundin hukuma, ana rubuta mata "kada a ajiye a fayil". Kwafin da ke ofishin reshe yana zama a akwatin ƙarfen shugaban reshen har masu duba aiki su zo, daga nan a lalata shi. A rahoto kuma sai a ce bayanin ya fito daga wata majiya ta sirri. Wanda yake da hurumi ba ya ƙona takardar izininsa.

Da kwamitin Sanata Frank Church ya matsa musu a 1975, FBI ta amsa cewa ta shiga aƙalla sau 238 a kan ƙungiyoyi da mutane 14 na cikin gida tsakanin 1942 da 1968. Wannan wanda aka iya tunawa ke nan, tunda takardun an lalata su. Ofisoshin jam'iyyar Socialist Workers a New York kaɗai an shiga su fiye da sau 90 daga 1960 zuwa 1966, jam'iyyar da ke tsayar da 'yan takara a zaɓe. A 1986 alƙali Thomas Griesa ya umarci gwamnati ta biya ta diyyar dala 264,000.

Za a ce min to 'yan Weather Underground ai bama-bamai suke dasawa. Haka ne, kuma kotu tana nan, da an je an nemi takardar bincike. Ƙin zuwan nan shi ya jawo shari'ar manyansu ta rushe, domin gwamnati ba ta iya kare yadda ta samo hujjojinta ba. Haka ta faru da Daniel Ellsberg, wanda aka gurfanar kan fallasa takardun sirri na yaƙin Vietnam: yaran fadar White House suka fasa ofishin likitan ƙwaƙwalwarsa Lewis Fielding a Satumban 1971, a watan Mayun 1973 alƙali ya kori ƙarar baki ɗaya. Ko ta fuskar kama mai laifi, hanyar asara ce.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tunanin mutumin da zai dawo gida da yamma bai san baƙi sun karanta wasiƙun matarsa ba, sun ɗauki hoton littafin da yake rubuta lambobin abokansa. Ba zai kai ƙara ba don bai san an shiga ba.

Kuma in ana neman wanda za a yaba a Watergate, ina sunan Frank Wills? Maigadi ne ɗan shekara 24 a ginin Watergate. Daren 17 ga Yuni 1972 ya ga an manna salatif a harshen makullin wata ƙofa don kada ta kulle, ya cire, ya zagayo ya tarar an sake mannawa, sai ya kira 'yan sanda. Suka zo cikin farin kaya a motar da ba ta da alama, ɗan leƙen da ke otel ɗin tsallaken titi bai gane su da wuri ba, aka kama mutum biyar a cikin ofishin jam'iyyar Democrat. Wills ya sha wahalar samun aiki mai ɗorewa bayan haka, ya rasu a 2000 cikin talauci. Waɗanda aka ɗaure a shari'ar kuwa da yawansu sun fito sun rubuta littattafai sun ci kuɗinsu.