Jitar da Ke Karanta Labarai

Ranar da na ji cewa Leo Fender bai iya kaɗa jita ba, ranar na janyo wa kaina. Mutumin nan mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, amma shi ya fito da Telecaster, sannan Stratocaster a 1954, jitocin lantarkin da har gobe ake kwaikwayonsu. Na zauna na yi lissafi. Shi bai iya kiɗa ba, ni ma ban iya ba. Shi yana gyaran rediyo, ni ma na taɓa kwance rediyo, mayarwar ce dai ta gagara. Ashe tazarar da ke tsakaninmu ba ta taka kara ta karya ba.

Wanda ya ƙarasa ni Brian May ne, makaɗin ƙungiyar Queen, da shi da mahaifinsa suka fara ƙera tasa jitar a gida a 1963. Katakon wuyanta daga jikin wani tsohon murhun ɗumama ɗaki suka ciro shi, suka haɗa da sifirin na babur, alamomin wuyan kuma maɓallan riga ne. Tun daga lokacin kallon da nake yi wa kayan gidanmu ya canza. Uwargida ce ta fara lura, da ta same ni ina ƙwanƙwasa ƙofar kabad ɗinta na kara kunne.

"Maigida, lafiya?"

"Amon katakon nake saurare."

"To, je ka saurari amon teburinka."

Shi ya sa yanzu a kan cinya nake rubutu. Na zana siffar Stratocaster a kan teburin, na bi da zarto, zarton kuma ya bi inda ya ga dama. Abin da ya fito ya fi kama da taswirar ƙasar da maƙwabta suka cinye wa gefe guda. Na lallashi kaina da cewa Les Paul ma, shahararren makaɗin jitar nan na Amurka, wajen 1940, gungumen katako ya ɗaura wa wuya da tsirkiya, sai da ya manna masa ɓarin wata jitar hagu da dama kafin mutane su yarda abin kiɗa ne. Wuyan kuwa, gaskiya ɗaya ce, na hannu na saya. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da nauyin da ya haura kilo 40, ban ga alamar ƙafar teburina za ta ɗauka ba.

Sai jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki. Na ja da baya, na kanne ido ɗaya, na ɗora shi inda ya fi kyau a ido, na huda ramuka shida. Daga baya ƙanena, wanda shi ya ɗan iya kiɗa, ya zo da tef ɗin awo ya ce, "Yaya, wa ya ce ka sa shi a nan?" Ashe abin lissafi ne. A irin wannan wuyan, daga inda tsirkiya ta tashi zuwa jaki inci 25 da rabi ne, milimita 648, kuma dole gaɓa ta 12, cikin gaɓoɓin wuyan da ake danna tsirkiya a kansu, ta faɗo daidai tsakiya. Nawa ya zarce da faɗin yatsa biyu. Da na bar shi, duk sautin da aka danna sai ya fito a karkace. Na matsar da jakin, ramuka shidan farko suna nan. Duk wanda ya tambaya, na shan iska ne.

Wannan duk sharar fage ce. Inda aka yi ta shi ne wajen kunnen jitar, abin da masu sana'ar ke kira fikof, ba dai motar ba. Aikinsa a baki ba wuya: sandunan maganaɗisu shida, a naɗe su da siririyar wayar tagulla, idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansu sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Shi ke nan. Sai dai wayar lamba 42 ce, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, gashin kai ma ya fi ta jiki, kuma zagaye wajen 8,000 ake so. In ka warware ta, ta kai kilomita guda.

Da hannu na fara. A zagaye na 300 wani ya yi sallama, na amsa, na manta ko 300 ne ko 400.

A nan ne idona ya faɗa kan keken ɗinkin uwargida, na ƙafa. Na jira ta fita unguwa. Na manna ƙwaryar naɗin a jikin wilin hannu, na kuma yi wata dabara da na gani wurin masu wannan harka: ka buɗe kalkuleta, ka jona wayoyi biyu a maɓallin "daidai", ka kai su ga wani ɗan makunni da maganaɗisu ke rufewa. Ka danna 1 a tara da 1, to duk juyin wili sai kalkuleta ta ƙara ɗaya. Da na ga lambobi suna hawa da kansu, wallahi sai da na miƙe na zaga ɗakin. A raina na ce, Leo, ka ga ɗan'uwa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne keken ƙafa yana da ra'ayi. In ƙafarka ta saɓa kaɗan sai ya juya da baya. A 2,100 ya yi haka, waya ta saki, ta cukurkuɗe ta zama sheƙar tsuntsu, kalkuleta kuwa ba ruwanta, gaba da baya duk ƙirgawa take yi. Na yanke, na sake. Karo na biyu na kai 6,400 sai atishawa ta zo mini. Na riƙe ta, na riƙe ta, ta ƙwace. Wayar ta tsinke ba ko sauti, bakinta ya shige cikin naɗin, na neme shi da tocila da gilashin ƙara girma har wuyana ya ƙage. Karo na uku na rufe taga, na kashe fanka, na toshe hanci da auduga, ina taka keke ina gumi kamar mai hawan dutse. Ana cikin haka na tsaya in huta, na ɗan jima, kalkuleta ta gaji da jira ta kashe kanta.

Na ci gaba da takawa har ƙwaryar ta cika, na ce ko nawa ne Allah ya sa albarka. Da na ɗora mitar awon lantarki ta nuna om dubu shida da 'yan kai, daidai inda ake so. Har yau ban san zagaye nawa ne a ciki ba. Na tsoma shi cikin narkakken kyandir da kakin zuma don kada wayoyin su riƙa motsi suna sa shi kururuwa, na goge keke, na mayar da shi mazauninsa, na zauna ina karatu kamar mutumin kirki.

Da daddare aka ce, "Maigida, me ya sa kekena ke ɗinki da jan gashi?"

Na ce ban gane ba. Ta miƙo mini hannun riga, ga wayar tagulla tana ƙyalli a cikin ɗinkin. Washegari keke ya samu kwaɗo.

Ranar gwaji na tara gida. Ƙanena na aika ya sayo tsirkiya, ya kawo masu laushi, ya ce su ne ba sa cin yatsa. Na ga ba su da ɗan ƙullin ƙarfen nan a gindi, sai na ƙulla su da hannu, ban kawo komai a raina ba. Na jona waya, na kunna amfilifaya, na ware murya, na ɗaga hannu sama yadda na ga manya suna yi, na sauke.

Tsit.

Wato akwai ɗan "tin" na tsirkiyar kanta, irin wanda sauro zai ji ya raina. Lasifika kuwa ko tari. Autarmu ta ce, "Baba, an fara?"

Kwana uku ina kwance abin da na ɗaura. Na narke dalmar kowace mahaɗa na sake liƙawa. Na canza maɓallin murya. Na ƙone yatsa biyu, domin ƙarfen narka dalma kamanninsa ɗaya da zafi da sanyi, kuma sau biyu ina kama shi ta inda ba a kamawa. Na zargi amfilifaya, na zargi wayar, na fara zargin Leo Fender da ɓoye wani sirri. A dare na uku uwargida tana zaune gefe tana ɗinkin hannu, tunda ta ce sai an kai keke wurin mai gyara, allura ta suɓuce mata. Maganaɗisun ya fizge ta, ta manne, lasifika ta ce "ƘWAS!" har autar ta farka.

Muka kalli juna. Ta zare allurar, ta sake saki. Ƙwas.

"To ai ga shi yana ji," in ji ta. "Ƙarfe yake so. Waɗannan naka na roba ne."

Tsirkiyar nailan ce, ta jitar da ba ta lantarki ba. Maganaɗisu bai san da zamanta ba, ko shekara za ka yi kana kaɗawa. Kwana uku, yatsa biyu, ga mai keken da na ɓata ta warware matsalar da allura ɗaya. Ba ta ƙara cewa komai ba, wanda ya fi zafi.

Da aka sa na ƙarfe jita ta yi magana, sai dai ba ita kaɗai ba. Wani gurnani ya biyo ta, "zzzz", kamar an kulle ƙudan zuma a cikin tulu. A ƙa'ida, in ka taɓa tsirkiya gurnanin raguwa yake yi, domin akwai wayar da ke haɗa jaki da ƙasan da'irar. Ni kuwa in na taɓa sai ya ninka. Na juya wayoyi biyun soket ne, mai ɗauke da sauti ta koma gurbin ta ƙasa, don haka duk hayaniyar lantarkin da jikina ya kwaso kai tsaye take zarcewa lasifika. Na gyara, ya ragu, amma bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba. Fikof mai naɗi ɗaya haka halinsa yake, yana kwaso kukan wutar gida, mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da kake. Maganin tun 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya samo shi: naɗi biyu masu saɓa wa juna, da maganaɗisu a juye, sai gurnanin ya kashe kansa, sautin tsirkiya ya tsira. Wato ina buƙatar naɗi na biyu. Na dubi keke, na dubi kwaɗo, na ce gurnani ma ai ado ne.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce saura akwatin da ke sa sauti ya yi kaushi, irin Fuzz Face da aka fito da shi a Ingila a 1966. Taransista biyu ne kawai da 'yan tarkace da batir mai bolt 9, ko yaro ya haɗa. Akwatin ƙarfe ake sa shi, ni kuma na robar sabulu na samu, na ce akwati akwati ne.

Ƙarfe biyun dare na gama. Na jona, na rage muryar jitar don kada in tashi mutane. Ban ko taɓa tsirkiya ba sai na ji wani mutum yana magana a cikin lasifika, a natse, da harshen da ban taɓa ji ba. Na duba bayana. Na leƙa bayan amfilifaya, wanda har yau ban san me na je nema ba. Mutumin ya yi shiru, sai wata mata ta karɓa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, jita na rataye a wuyana, waya na jan robar sabulu a ƙasa tana bina, ni kuma ina ƙara sauri saboda ana bina.

Uwargida ta fito, ta shiga ɗakin, ta saurara, ta leƙo.

"Maigida, aljanun naka hasashen yanayi suke karantawa."

Rediyo ce. Doguwar wayar jita ta zama eriya, robar sabulu ba ta tare komai, taransistan farko kuma ya tace siginar kamar yadda ƙaramar rediyo ke yi. Da dare irin wannan siginar rediyo tana cin nisa, shi ya sa baƙin suka zo daga wata ƙasa. Da rana tashar kusa ce ke shigowa, tas, har ta fi rediyon da na kwance fita. Maganin ba wuya: akwatin ƙarfe, da ɗan ƙaramin kafasita a bakin shiga da zai zubar da siginar a ƙasa. Na tanadi duka biyun.

Kafin in sa hannu labari ya kai ga dattijon da ke maƙwabtaka da mu, wanda tasa rediyon ta mutu tun bara. Ya zo ganin abin mamaki, ya zauna, ya ji labaran yamma daga farko har ƙarshe. Washegari ya dawo da kujerarsa. Na ce masa, "Baba, gobe zan gyara ta, ta daina wannan shirmen."

Ya ce, "Ka gyara me? Yaro, tunda ka fara kaɗa abin nan muke jin ka ta katanga. Wannan ne karon farko da ya faɗi abin da mutum zai amfana."

Kafasitan yana nan cikin aljihun rigata. Kullum ƙarfe shida nake rataya jita in tsaya kusa da taga, inda ta fi kamawa, wuyanta na kallon gabas. Jiya na gaji da tsayuwa, yatsana ya goga tsirkiya ɗaya, ta yi ƙara ana tsakiyar labarin wasanni. Baba ya ɗaga hannu ko waiwayowa bai yi ba.

"Kai, bar taɓa mana rediyo."